Jikoki Tara da Ido Ɗaya

Iya Rabi ta idar da shafa'i da wuturi ke nan, tana lalube tana naɗe darduma, sai ta ji wani abu a zaure ya ce tsiik. Ta tsaya. Ya sake cewa tsiik, tsiik. Ba kukan ɓera ba ne, don ɓerayen gidanta ta san muryar kowannensu, akwai ma wani tsoho mai tari. Kuma ba gyare ba ne, gyare ba ya tafe yana kuka. Wannan kuwa tafe yake, yana matsowa.

Ta leƙo ƙofar ɗaki. Idonta na dama ya shekara biyu da rufewa, na hagu kuma yanar ido ta fara yi masa lulluɓi, komai sai ta gan shi kamar ta cikin ruwan koko. To, ta cikin ruwan kokon nan ta hango wuta biyu 'yan ƙanana, ja da shuɗi, suna tsalle a ƙasa dab da bakin zaure. Duk tsalle ɗaya, tsiik ɗaya.

Ta haura shekara hamsin a gidan nan na Djougou da kakannin mijinta fataken goro suka gina. Ta sha jin labarin mutanen ɓoye masu bin tsohuwar hanyar ayari, amma ba ta taɓa jin an ce suna kunna fitila a ƙafa ba. Ta ɗaga murya da Ayatul Kursiyyu, ta laluba ta ɗauki muciya.

"Matata!" in ji wutar. "Ina tuwona?"

Ashe Sharfaddeen ne, jikanta ɗan shekara biyar, da sabon takalmi irin wanda ke kuka yana kawo wuta in an taka. Bayansa sai sauran suka kwararo da jakunkuna da ledoji da ƙwallo. Daga waje direba ya yi kira, "Saƙon Parakou ne, Hajiya! Tara ne, ki ƙirga!" Kafin ta kai zaure motar ta tashi.

Ta jera su ta ƙirga da tafin hannu, kai bayan kai, kamar mai zaɓen kankana. Tara cif.

Haka ake yi mata kowace shekara. Ranar da aka rufe lakwal, wato makarantar boko, aka shiga dogon hutun damina da suke kira vakans, ranar ake loda mata su. Biyar na babban ɗanta Aboubacar ne, malamin makaranta a unguwar Kpébié ta Parakou. Da yake ɗan fari ne ba ta faɗin sunansa, Mushe take ce masa, wato malam da Faransanci, kamar yadda 'yan ajinsa ke cewa. Huɗu na autanta Sabiou ne, mai kamiyo, babbar motar kaya, a unguwar Banikanni, can Parakou ɗin. Cikin taran nan, 'yan mata uku sunanta aka sa musu, duk Rabiatou. Mazan kuwa duk mazajenta ne a wasan jika da kaka.

Da safe ta aika aka kira maƙwabciyarta Tsahara mai sayar da wagashi, cukun Fulani. Ita Tsahara idonta ras, allura ma tana zura mata zare, amma kunnenta ya daɗe da yin ritaya. Don haka suka raba aikin waya: Tsahara ta danna lamba, Iya Rabi ta saurara.

"Iya, kin ga saƙo?" in ji Mushe, muryarsa wasai kamar wanda ya sauke kaya.

"Na taɓa dai. Gani kam ai ka san yadda muke da shi. Mushe, bana idon nan ya yi nauyi. Na ce ko da rabinsu ne..."

"Haba Iya! Wa za a raba da wa? Takwarorinki fa uku a ciki. Mutum yakan kori kansa? Kuma yaran birni in ba su zo sun ga tushensu ba lalacewa suke yi. Ke ma kaɗaici ba shi da kyau ga tsoho, na karanta a littafi."

Me za ta ce da littafi? Ta ce Allah ya yi albarka.

Akwai wata takarda ruwan ɗorawa da ta adana cikin tsohuwar kwalla a ƙarƙashin gado. Kafin Babbar Sallah masu duba ido suka zo Djougou, wata yarinya mai farar riga ta haska mata tocila, ta ce yanar ta nuna, sai a cire. Ta ce manyan likitoci sau ɗaya suke zuwa asibitin ido na Parakou a shekara, ga ranarta an rubuta, lokacin sabuwar doya ne. Ta ja mata kunne cewa in ta bari ranar ta wuce, kafin su sake zagayowa na hagun ma ya bi ɗan'uwansa.

Da Mushe ya zo yawon Sallah ta miƙa masa. Ya sa tabarau, ya daɗe yana dubawa, ya ce, "Sha biyu ga Oktoba."

"Yarinyar ta ce lokacin sabuwar doya."

"Iya, doya ce ta rubuta takardar ko likita?"

Ita ajami ta sani, boko kuwa a wurinta tafiyar tururuwa ce. Ta mai da takardar cikin kwalla, ta sa wa ranta Oktoba.

Makon farko gado ya tafi. 'Yan matan suka ce su a kan gadon takwara za su kwana, mazan suka ce ina aka taɓa hana miji ɗakin matarsa. Cikinsu akwai mai fitsarin kwance, amma duk safiya sai su rantse su tara cewa ɗakin ne ke yoyo. Iya Rabi ta ja tabarmarta ta koma madafa, kusa da buhun masara. Nan kazarta mai wake-wake ke kwana. Kazar ba ta yi gardama ba, sai dai kowace safiya takan ajiye ƙwai ɗaya dab da kunnen Iya, da ɗuminsa, kamar mai biyan gaisuwa.

Mako na biyu goro ya tafi. Sana'arta ke nan tun tana amarya: huhu ɗaya a zaure, ta yayyafa masa ruwa, ta lulluɓe shi da ganye, dattawan unguwa su biyo bayan la'asar su saya. Ranar da aka yi ruwa mai yawa yaran suka kwashe ganyen huhun kaf suka yi jiragen ruwa da shi a kwata. Ba ta gani ba sai bayan kwana uku, da ta sa hannu ta ji goron ya yamutse kamar kunnen tsohuwa. Dattawa suka zo suka taɓa, suka yi mata jaje, suka wuce wurin wata.

Ta sa Tsahara ta danna mata Auta.

"Iya, wasan jika ne fa," in ji Sabiou yana dariya. "Mazajenki ne. Mace takan kai ƙarar mijinta wurin ɗanta?"

"Auta, ka zo ka ɗauki naka ko na mako biyu ne, in sami in miƙe bayana."

"Wallahi da zan iya. Ina Malanville yanzu haka, kamiyo ya maƙale a bakin iyaka. Bari in haɗa ki da Bilkissou."

Yadda aka yi mutumin da ke Malanville ya miƙa wa matarsa da ke Parakou waya hannu da hannu, Iya Rabi ta bar shi a cikin abubuwan mamaki na zamani.

"Iya, sannu da yara," in ji Bilkissou. "Wallahi mu ma nan ba daɗi. Gidan ya yi shiru, shirun har ciwon kai yake sa ni."

"Allah ya ba ki lafiya, 'yar nan."

"Me suka ce?" in ji Tsahara da ƙarfi.

"Sun ce shiru ya dame su."

"A aika musu biyar mana!"

Tara ba wasa ba. Koko da safe, wake da shinkafa da rana, tuwo da dare, tsakani kuma kowa na jin yunwa a lokacinsa daban. Itacen damina jiƙaƙƙe, sai hayaƙi. Tana durƙushe tana hura wuta, idon na zuba ruwa, ruwan kokon da take gani ta ciki yana ƙara kauri. Da farko takan gane yaran da launin riga. Daga baya sai da murya. Sharfaddeen kaɗai ne bai taɓa ɓace mata ba, saboda takalminsa.

Wata ranar Talata ta fito ta tarar da jikanta Rachidou, wanda take zargi da jiƙa katifa, tsugune shi kaɗai a tsakar gida. Ta ce yau ga dama. Ta jawo kujera ta zauna gabansa, ta yi masa nasiha mai tsawo: yadda namiji ke tashi ya zagaya kafin ya kwanta, yadda kakansa marigayi ya yi tafiyar wata uku da ayari bai taɓa jiƙa buzu ba. Yaron bai ce uffan ba, bai motsa ba. Abin ya taɓa mata zuciya. Ta ce duk cikin jikokinta babu mai ladabinsa, ta kwance bakin zane ta ɗora masa alewa a kai.

"Rabi!" Tsahara ce ta leƙo ta katanga. "Me turmi ya yi miki tun ɗazu?"

Yaran da ke laɓe a bayan randa suka fashe da dariya har da birgima. Ita ma ta yi dariyar. Amma da ta koma madafa ta daɗe zaune, tana ɗaga hannunta a gaban fuskarta tana ƙirga yatsun da take iya gani.

A tsakiyar watan bakwai sakamakon sartifika, jarrabawar gama firamare, ya fito. Tagwayen Mushe, Hassan da Housseina, su ne suka zauna jarrabawar. Uban ya bugo ya ce Housseina ta ci, Hassan kuma sai baɗi. Hassan ya ce alƙalami ne ya ci amanarsa. Mushe ya ce kyautar Housseina tana nan tafe in an koma lakwal, yanzu yana da aiki, ya buɗe ajin hutu, 'ya'yan mutane arba'in yake koyarwa.

"To ba ka haɗa da naka biyar ba?" in ji Iya Rabi a hankali.

"Iya, nawa ba sa ji. In na kawo su za su hana 'ya'yan mutane karatu."

Yarinya ta ci jarrabawa, ba uwa ba uba kusa, ba wanda zai ce mata barka sai kaka. Iya Rabi ta sa aka kama abokiyar kwananta mai wake-wake aka yanka. Su tara suka cinye, aka bar mata wuya da ƙafa ɗaya. Tun daga ranar ba ta sake tashi ta tarar da ƙwai a kunnenta ba.

Ita kuwa Housseina, tunda ta ci sartifika sai ta kamu da wata cuta: ba ta iya ganin rubutu ta wuce. Gwangwanin sardin, buhun shinkafa, bayan motar haya, kwalin maganin sauro, duk sai ta tsaya ta karanta da ƙarfi, hannu ɗaya a ƙugu, da Faransancin da ke fita ta hanci. Har rigar mai tallan burodi ta taɓa tsayar da shi ta karanta.

Farkon Agusta Iya na suyar ƙosai, ta ɗauki kwalbar mai za ta ƙara a kasko, ta zuba gefe. Wuta ta tashi ta lashe mata bayan hannun dama. Tsahara ta shafa mata zuma ta ɗaure da tsumma. Aka danna Auta, ya ce subhanallahi, har yanzu yana Malanville, a shafa zuma. Aka danna Mushe, ya ce yana cikin aji, a shafa zuma. Da hannun hagu ta ci gaba da tuƙa tuwon mutum goma, yana fitowa da gudaji, mazajenta suna cewa za su sake ta.

Sai ga sabuwar doya ta shigo kasuwa. Ta ji ƙamshinta a gidan Tsahara, ta ji lugudan sakwara ko'ina a unguwa. Ta tuna maganar yarinya mai farar riga. Sai kuma ta ce wa kanta, doya ce ta rubuta takardar ko likita?

Ranar wata Litinin da hantsi haƙorin jikanta Nafi'u ya fita. Shekararsa bakwai, haƙorinsa na farko ke nan, ya zo da gudu yana kuka da jini a leɓe. Iya ta rarrashe shi, ta ce ya rufe bakinsa, ya ɓoye haƙorin kada ƙadangare ya gani, don in ƙadangare ya gani wani ba zai fito ba. Gidan kuwa ƙadangaru sun fi mutane yawa, akwai wani jan gwada da ke zama kan katanga kullum yana gyaɗa kai kamar ya san sirrin kowa. Nafi'u ya shige ɗaki ya buɗe kwallar da ke ƙarƙashin gado, ya sami takarda mai kauri ya ƙunshe haƙorinsa, ya fito yana taƙama.

Housseina ta hango rubutu a jikin ƙunshin. Ta fizge, ta warware, haƙori ya faɗi, Nafi'u ya faɗa kansa da ciki yana kare shi daga jan gwada. Ita kuwa ta sa hannu a ƙugu.

"Rendez-vous le douze août, à sept heures. Madame Rabiatou... Iya, sunanki ne!"

Iya Rabi na tsince shinkafa da yatsu. Ta tsaya. "Takardar asibitina ce. Mai da ita. Sai Oktoba."

"Ba Oktoba ba ne. Août. Agusta."

"Babanki ya karanta."

"To ni ma na ci sartifika. Oktoba ai doguwar kalma ce, wannan guntuwa ce. Hassan, zo ka gani."

Hassan ya duba ya ce shi ma, duk da alƙalami ya ci amanarsa, Agusta ya gani.

"Yau nawa ga wata?"

"Sha ɗaya."

Iya Rabi ta ajiye farantin shinkafar a hankali. Ta ce a kira mata Tsahara da waya.

"Mushe, an ce takardar nan Agusta ta ce."

Tana jin 'ya'yan mutane arba'in suna maimaita lissafi a bayansa.

"Wa ya ce?"

"'Yarka. Wadda ka koyar."

"Iya, ki fahimce ni. Na duba ne na ga ranar ta faɗo tsakiyar vakans. In kin tafi wa zai riƙe yaran? Bayan aiki kuma an ce sai an yi jinya. Na yi niyyar in je in ga likitan ya ɗaga mana, aiki ne ya sha kaina. Kuma Iya, Agusta da Oktoba ai duk watannin Allah ne."

Ɗan fari ne. Ba a faɗin sunansa, balle a zage shi. Duk abin da ya taso mata ta haɗiye shi, ya wuce da ƙyar kamar tuwon gudaji.

"Haka ne," ta ce. "Duk na Allah ne."

"Me ya ce?" in ji Tsahara.

"Ya ce ki ɗauko mayafinki."

Kafin azahar ta sa kowa ya tattara kayansa. Ta rufe gida, ta rataya mabuɗi a wuya. Suka nufi tasha a jere: Tsahara a gaba tana ganin hanya, Iya Rabi riƙe da gefen mayafinta tana jin hon ɗin babura a madadinta, tara a baya, Sharfaddeen na ƙarshe yana tsiik, tsiik. Direban taksi ya dube su ya ce motarsa ba makaranta ba ce. Tsahara ba ta ji ba, ta buɗe ƙofa ta fara lodi. Aka jera manya a kujera, ƙanana a cinya, Nafi'u da hannu a baki har Parakou, don an ce masa a hanya ma akwai ƙadangaru.

Ana kiran la'asar suka sauka a Banikanni. Iya Rabi ta san ƙofar gidan Auta da ƙafa, taku goma sha biyu daga bakin kwalbati. A taku na takwas ta yi karo da bango. Ta shafa, ta ji ƙarfe, ta ji taya ta kai mata ƙirji.

"Yaushe aka yi gini a nan?"

"Kamiyon Papa ne!" in ji yaran.

"Ikon Allah," in ji Iya Rabi. "Ashe Malanville ta matso."

A tsakar gida, ƙarƙashin mangwaro, Sabiou na kishingiɗe da singileti, gabansa sakwarar sabuwar doya da miyar zabo. Bilkissou na gefe tana yi masa fifita, ciwon kan shiru bai hana ta ƙiba ba. Tsiik ɗin farko da suka ji, loma ta tsaya wa Sabiou a hanya. Kafin ya miƙe, hannaye goma sha takwas sun shiga kwanon.

"Iya! Ai... yanzun nan na iso. Ko wanka ban yi ba."

"Sannu da hanya, Auta. Gobe da ƙarfe bakwai za ka kai ni asibiti. Ka gaya wa yayanka."

Washegari su biyu suka kai ta, kowa da babbar riga. A layin asibiti Mushe ya yi ta gyara mata mayafi yana gaya wa na kusa cewa uwa ba abin wasa ba ce. Sabiou ya ɗauke su hoto su uku ya tura wa dangi a waya, aka yi ta turo addu'a, ana cewa Allah ya ba kowa 'ya'ya irin na Iya Rabi. Aka shiga da ita, aka fito da ita da auduga a ido. Kashegari aka cire.

Abin da ta fara gani shi ne hannunta na dama, da tabon wuta baƙi, fatar ta tattare. Ta daɗe tana kallonsa kamar hannun wata. Sannan ta ɗaga kai ta ga Mushe ya yi furfura, ta ga tumbin Auta ya riga shi shiga ɗaki. Likita ya yi bayani da Faransanci: wata guda ba hayaƙi, ba sunkuyo, ba ɗaukar kaya, ba ƙura, ga magani a ɗiga sau huɗu a yini. Mushe ya juyo zai fassara.

"Bari," in ji Iya Rabi. "Housseina za ta faɗa mini."

Da yamma aka taru a falon Sabiou. Kwana biyu kacal yaran suka yi a gidan, amma labule ɗaya ya sauka, an fasa madubin kamiyo da ƙwallo, katifar baƙi tana shanye a kan katanga, Bilkissou ta ɗaure kai da ɗankwali, yanzu ciwon na gaske ne. Matar Mushe ta aiko cewa ba ta jin daɗi, a bar nata biyar ɗin a nan tukuna. Iya Rabi na zaune da baƙin tabarau na asibiti, tana bin jikokinta da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ashe Rachidou kyakkyawa ne, bai yi kama da turmi ba ko kaɗan. Ashe takwarorinta uku duk hancinta suka ɗauko.

Mushe ya yi gyaran murya. "Alhamdu lillahi, aiki ya yi kyau. Yanzu Iya, mun yi shawara da Sabiou. Hayaniyar Parakou da hayaƙin babura ba su dace da sabon ido ba. Iskar Djougou ta fi."

"Sosai," in ji Sabiou. "Kuma saura mako biyar a koma lakwal. Da can ma da ba kya gani kin riƙe su lafiya lau, balle yanzu da ido ya buɗe."

"Housseina ta girma, za ta riƙa hura wutar," in ji Bilkissou. "Ke dai ki riƙa nuna mata daga nesa."

"Na yi magana da direba," in ji Mushe. "Gobe da sassafe."

Iya Rabi ta dubi wannan, ta dubi wancan. Yau kam tana ganin bakin da ke maganar. Ta miƙe ta ce za ta yi la'asar, ina ne babu hayaniya? Bilkissou ta yi saurin nuna mata ɗakinsu na ciki, mai gado ƙato da fanka da banɗaki a haɗe. Iya ta shiga da butarta da ledar magani. Sai aka ji ƙaras, ƙaras, mabuɗi ya juya sau biyu.

Aka jira sallah ta ƙare. Aka ji fanka ta tashi. Aka ji gado ya yi ƙara irin ta wanda aka miƙe a kansa da niyyar daɗewa.

Sabiou ya ƙwanƙwasa. "Iya? Kin idar?"

"Na idar."

"To... ƙofar ta rufe."

"Ni na rufe. Likita ya ce wata guda. A riƙa ajiye mini abinci a bakin ƙofa, kada a cika yaji. Housseina kaɗai za ta shigo, ta ɗiga mini magani."

Mushe ya matso ya sassauta murya. "Iya, wata guda fa ya kai mu tsakiyar Satumba. Yaran fa? Ajina fa? Ki bari in an koma lakwal, ko a Oktoba ne, sai ki zo ki huta sosai."

"Mushe," in ji muryar daga ciki, a natse, "Agusta da Oktoba ai duk watannin Allah ne."

A tsakar gida wani abu ya faɗi ya tarwatse, da alama randa ce. Nafi'u ya shigo da gudu yana ihu cewa ƙadangaren gidan nan ya gani. Ɗaya daga cikin takwarorin ta ce yunwa take ji, sauran takwas suka ce su ma. Sharfaddeen ya hau kujerar falo da takalmi yana tsalle, tsiik, tsiik, wuta ja da shuɗi na haska fuskar ubansa.

Tsahara, wadda tun da aka fara shawarar take zaune a gefe tana cin gyaɗa ba ta ji ko kalma ɗaya ba, ta karkaɗe zanenta ta dubi mazan biyu da ke tsaye a bakin rufaffiyar ƙofa.

"Ni kam Mushe, tunda kai ne mai ilimi, akwai abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai," ta ce da muryarta da ake ji har bakin titi. "'Yan lakwal in sun gaji ana kai su gidan Rabi. Ku ma in kun gaji da su, gidan Rabi. To ita Rabi in ta gaji, gidan wa ake kai ta?"

Ta sa tafin hannu a bayan kunne, ta karkato kai tana jira. Ta dubi Mushe, ta dubi Sabiou, ta dubi Bilkissou. Sannan ta jawo Housseina kusa.

"Ke 'yar nan, sun amsa ne ban ji ba?"